Kifin betta da takwarorinsa na kududdufan Arewa

Betta ƙaramin kifin ado ne da asalinsa ke gonakin shinkafa da fadamun Kudu maso Gabashin Asiya, musamman Tailan, wadda ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa a shekarar 2019. Mai doguwar wutsiya da ake gani a kantuna sakamakon kiwo ne na shekaru masu yawa. Na daji wutsiyarsa gajera ce, launinsa kuma dushi-dushi. Yana iya shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa. Namiji ne ke gina sheƙar kumfa, ya tattara ƙwai a ciki, ya yi gadinsu har su ƙyanƙyashe bayan kwana ɗaya ko biyu.

Babu betta na daji a ruwayen Nijeriya. Sai dai Arewa na da kifin da masu wannan sha'awa a Turai ke ji da shi, wanda galibin mazauna yankin ba su ma kula da shi ba. A shekarar 1928, masanin dabbobi ɗan Jamus Ernst Ahl ya bayyana wani ɗan kifi daga kogin Kiyawa, a yankin Katagum, wanda yanzu ake kira Pronothobranchius kiyawensis. Rayuwarsa ba ta wuce damina ɗaya. Yana binne ƙwai cikin laka, kududdufi ya ƙafe, iyaye su mutu, ƙwan kuwa ya kwana a busasshiyar ƙasa tsawon rani, har ruwan sabuwar damina ya tashe shi. Haka masu kiwo ke kwaikwayo: su kwashe dusar da aka yi ƙwan a ciki, su matse ta, su ajiye a leda na wasu watanni, sannan su sake jiƙa ta.

Ga mai sha'awa a Kafanchan ko Fadan Kagoma, wanda ya fi kusa shi ne Fundulopanchax gardneri, mai jajayen ɗige-ɗige, tsawonsa kimanin santimita 6. Ana kiwon zuriyoyinsa a ƙasashen waje da sunayen inda aka kamo su: Jos, Lafiya, Makurɗi. Ƙwansa na ƙyanƙyashewa cikin mako biyu zuwa uku, yana cin tsutsar sauro, kuma gwanin tsalle ne, don haka akwatin gilashinsa ba ya zama a buɗe.

Waɗannan sunayen garuruwa ba ado ba ne. Masu kiwo ba sa haɗa zuriyar wani gari da ta wani, domin idan aka cike kududdufi da gini, ko maganin feshi ya gurɓata shi, abin da ke cikin akwatunansu ne kaɗai zai saura na wannan wurin. Betta ɗin Tailan na fuskantar irin wannan matsala: gurɓatar fadamu da cuɗanya da na kiwo da ake saki a ruwa. Ƙungiyar IUCN ta sanya shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana.