Dokar Clery da batun fyaɗe a jami'o'in Amurka

A ranar 5 ga watan Afrilun 1986 ne wani ɗalibi ya shiga ɗakin kwanan Jeanne Clery, 'yar shekara 19, a jami'ar Lehigh da ke jihar Pennsylvania, ya yi mata fyaɗe, sannan ya kashe ta.

Bayan rasuwarta ne iyayenta, Connie da Howard Clery, suka gano cewa an aikata munanan laifuka 38 a harabar jami'ar cikin shekaru ukun da suka gabata, ba tare da an sanar da jama'a ba. Fafutukar da suka shiga ce ta kai ga majalisar dokokin Amurka ta zartar da wata doka a 1990, wadda aka sanya wa sunan marigayiyar a 1998.

Ita dai wannan doka ta shafi duk wata jami'a ko kwaleji da ɗalibanta ke samun tallafin karatu daga gwamnatin tarayya. Wajibi ne makaranta ta wallafa rahoto kafin ranar 1 ga watan Oktoba na kowace shekara ta wuce, mai ɗauke da alƙaluman laifukan shekaru uku, ta kuma gargaɗi ɗalibai cikin gaggawa idan akwai barazana.

Gyaran da aka yi wa dokar a 2013 shi ne ya fi mayar da hankali kan waɗanda aka ci zarafinsu. Ya shigar da duka da cin mutunci tsakanin masoya ko ma'aurata, da kuma bibiyar mutum don tsoratar da shi, cikin laifukan da ake ƙirgawa. Ya kuma tilasta wa jami'a ta bai wa ɗalibar da ta kawo ƙorafi bayanin haƙƙoƙinta a rubuce, ta taimaka mata sauya ɗakin kwana ko aji idan ta nema, ko da kuwa ba ta kai ƙara wurin 'yan sanda ba. Haka nan ana koya wa sababbin ɗalibai yadda za su sa baki idan suka ga ana neman cutar da wani.

To sai dai alƙaluman na da rauni, domin abin da aka kai rahotonsa kawai suke nunawa. Jami'ar da ta ce ba a yi fyaɗe ko sau ɗaya a cikinta ba, mai yiwuwa ne ɗalibanta tsoron magana suke yi.

Ma'aikatar ilimi ce ke hukunta masu saɓa wa dokar. A 2019 ta ci tarar jami'ar jihar Michigan dala miliyan 4.5 kan badaƙalar likitan 'yan wasa, Larry Nassar. A 2024 kuma jami'ar Liberty da ke Virginia ta amince ta biya dala miliyan 14, bayan binciken da ya gano cewa an hukunta wasu ɗaliban da suka kai ƙarar fyaɗe, bisa zargin su ma sun karya ƙa'idojin makarantar.