Daga Tubali Zuwa Bulo: Tarihin Gini a Ƙofar Durbi

Ƙofar Durbi, wadda ke gabashin birnin Katsina a kan hanyar da ta nufi Mani da Daura, ta samo sunanta ne daga sarautar Durbi, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Katsina. Ana danganta asalin wannan sarauta da Durbawa, gidan da ya riƙe ƙasar kafin Muhammadu Korau ya karɓi mulki daga hannun sarkinsu Sanau a wajen ƙarni na 15. Da ƙofar, da ganuwar da ta ratsa, da gidajen unguwar da ta ɗauki sunanta, duk da ƙasa aka fara gina su, kamar hasumiyar Gobarau da Gidan Korau, kuma tarihin wannan gini yana da abin faɗa game da ɗumamar yanayi da ke damun duniya a yau.

Magina sukan haƙo ƙasa daga kududdufi, su kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, su bar ta ta kwana biyu, sannan su mulmula tubali, wato dunƙulen ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai wanda rana kaɗai ke busar da shi. Rufin soro ana shimfiɗa shi ne da azara, wato tsagin itacen giginya da gara ba ta cika ci ba, yayin da ake kare bango daga ruwan sama da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa daga katsin marina da gashin da majema suka kankare daga fata. Ke nan abin da wata sana'a ta zubar shi ne kayan aikin wata, kuma jaki ya isa ya kawo kusan dukkan abin da gida ke buƙata. Kaurin bango yana shanye zafin rana a hankali, ya sake shi da dare, shi ya sa zaure ke da sanyi da tsakar rana a watan Afrilu, yake kuma da ɗumi a lokacin hunturu. Turawan mulkin mallaka ma sun amince da wannan fasaha, domin da ƙasa aka gina Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Sauyi ya zo ne sannu a hankali, da farko ta hanyar kwanon rufi, wanda ya hutar da magidanta daga yaɓen soro kowace shekara kafin damina. Bayan masana'antar siminti ta Kalambaina a Sakkwato ta fara aiki a 1967, kuma kuɗin man fetur suka yalwata a shekarun 1970, bulo ya zama alamar arziki, ginin ƙasa kuwa aka fara kallonsa a matsayin shaidar rashi. Da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, gidaje sun tsallaka ganuwa, an cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, an kuma sake gina ƙofofin birni da kayan zamani domin motoci su samu hanya.

Wannan sauƙi yana da farashin da ba a gani a kasuwa. Ana yin siminti ne ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai kimanin digiri 1,450, aikin da ke fitar da iskar kabon, wato iskar da ke taruwa a sama ta hana zafin duniya fita, kuma masana sun ƙiyasta cewa kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na wannan iska da ɗan Adam ke fitarwa daga siminti take. Bayan haka, ɗakin bulo mai siririn bango da rufin kwano yana tilasta wa mai shi fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, inda kuma lantarki bai wadata ba sai janareta mai ƙona fetur.

Ginin ƙasa yana da wahalarsa, domin yana son kulawa kullum, mamakon ruwa na iya rushe wanda aka yi wa sakaci, giginya kuma ta yi ƙaranci. Duk da haka, masallacin Yama na Jamhuriyar Nijar, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa kuma ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986, ya nuna cewa sana'ar ba ta tsufa ba. Nijeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow na 2021 cewa zuwa 2060 za ta daidaita iskar kabon da take fitarwa da wadda take shanyewa, amma wani ɓangare na cika alkawarin yana hannun magidanci. Wanda ya gyara soron gado maimakon ya rushe shi, ya ƙara wa bangonsa kauri, ya bar tsakar gida a buɗe, ya kuma dasa bedi a ƙofar zaure, ya rage hayaƙin gidansa da dabarar da magina suka bari a Ƙofar Durbi tun kafin siminti ya iso Katsina.