Wa ya zana turbar da ke cikin na'urar GPS ɗinka?

Idan ka taɓa riƙe ƙaramar na'urar GPS irin ta masu tattaki a daji da masu hawan duwatsu, ka san abin da fuskarta take nunawa: 'yar kibiya a tsakiya, wadda ita ce kai, sai wani siririn layi da ya yi ta lanƙwasa tsakanin tuddai, wato turbar da ake so ka bi. Mutane da yawa suna ɗaukar su biyun duk daga sama suke saukowa. Kibiyar dai e, daga taurarin ɗan'adam take. Layin kuwa wani ɗan'adam ne ya zana shi, kuma galibi sai da ya taka wurin da ƙafarsa. An ɗauki shekaru kusan ashirin kafin mutum irina da kai ya sami damar zana wannan layin ya zuba shi a na'urarsa, don sai da aka buɗe ƙofofi uku da ke rufe.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, a taƙaice. Rundunar sojan Amurka ce ta gina GPS. An harba tauraro na farko a 1978, tsarin kuma ya cika da taurari 24 aka ayyana ya kammala a 1995. Kowane tauraro yana shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, yana ta shelar inda yake da kuma lokacin da agogonsa ya nuna. Na'urarka saurare kawai take yi, ba ta aika komai. Da ta ji taurari huɗu ko fiye, sai ta lissafa tsawon lokacin da kowace sigina ta ɗauka kafin ta iso, daga nan ta fitar da lambobin inda kake tsaye. Shi ke nan aikin taurari ya ƙare. Ba su san akwai kogi a gabanka ba, balle su san gadar da ke kansa ta karye.

Haka na'urorin farko suke, lambobi zalla. Magellan NAV 1000 da ta fito a 1989, kuɗinta ya kai kusan dala 3,000, kuma abin da za ta ba ka shi ne lambobi biyu. Kai ne za ka shimfiɗa taswirar takarda ka nemo inda suka faɗa. A shekarar ce kuma Gary Burrell da Min Kao suka kafa kamfanin Garmin, wanda sunansa zai yi ta fitowa a wannan labarin.

Ƙofar farko gwamnatin Amurka ce ta rufe ta da gangan. Bayan da Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu a 1983, wanda ya ɓace hanya ya shiga sararin samaniyarta, Shugaba Reagan ya yi alƙawarin farar hula za su amfana da GPS. Amma sojoji suna tsoron abokan gaba su yi amfani da ita, sai suka riƙa gurɓata siginar farar hula ta yadda kuskure yakan kai mita 100. Ga jirgin ruwa a tsakiyar teku, mita 100 ba komai ba ne. Ga mai tafiya a gefen kwazazzabo cikin hazo fa? Mita 100 ya isa ya sa ka a ɗaya gefen rafi. Kuma ba za ka iya zana turba da irin wannan na'ura ba: ka bi hanya ɗaya yau da gobe, ta ba ka layuka biyu da ba su san juna ba.

A daren 1 ga Mayu 2000, bisa umarnin Shugaba Clinton, aka kashe wannan gurɓatawar. Gari na wayewa na'urar da ke aljihun kowa ta koma tana kuskuren mita goma ko makamancin haka, ba tare da an taɓa ta ba. Ranar 3 ga Mayu wani mutum mai suna Dave Ulmer ya binne bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya wallafa lambobin wurin a intanet ya ce a nemo. Aka kuwa nemo. Wasa ne, kuma ya bazu a duniya har yau, amma ya tabbatar da abu mai muhimmanci: yanzu baƙo zai iya bin lambobin da wani ya rubuta ya isa daidai gindin bishiya guda.

Daga nan masu tattaki suka fara musayar sawunsu. Na'urar tana iya ajiye ɗigo duk bayan 'yan daƙiƙoƙi yayin da kake tafiya, in aka haɗa ɗigogin sai su zama layi. Matsalar ita ce kowane kamfani da irin fayil ɗinsa. A 2002 wani ƙaramin kamfanin Amurka, TopoGrafix, ya fitar da tsarin GPX, wanda rubutu ne a buɗe da kowa zai iya karantawa. Abu uku yake ɗauka: alamar wuri guda kamar rijiya ko mararraba, hanyar da ka tsara za ka bi, da sawun da ka bari a zahiri. Har yau shi ne harshen da kusan duk na'urori da manhajojin tafiya suke ji.

To amma sawu daban, taswira daban. Sawu layi ɗaya ne a kan farin allo. Taswira ita ce mai koguna da dazuzzuka da sunayen wurare da dukkan turbobin yankin, wadda za ka matso ko ka ja baya ta daidaita kanta. A nan ne ƙofa ta biyu take. Garmin yana sayar da taswirorinsa a faifai, ana zuba su a na'ura ta manhajar MapSource, cikin wani irin fayil mai suna IMG da kamfanin bai bayyana wa kowa yadda aka gina shi ba. Kuma taswirorin sun fi ƙarfi a Amurka da Yammacin Turai. In kana zaune a Foland ko Rasha ko Kudancin Amurka ko Afirka, ka sayi na'ura mai tsada, abin da za ka gani shi ne bakin teku da manyan tituna kaɗan, sauran duk fili.

Ba mamaki ke nan da maganin ya fito daga irin waɗannan ƙasashe. A farkon shekarun 2000 wani ɗan Foland, Stanisław Kozicki, ya zauna ya warware fayil ɗin, ya rubuta manhajar cGPSmapper. Kai za ka rubuta taswirarka a fayil na rubutu mai sauƙi, ka ce wannan layin turba ce, wancan rafi ne, manhajar ta mayar da shi IMG. Har yau sunan da ake kiran wannan rubutun shi ne "tsarin Foland". Wani ɗan Rasha, Konstantin Galichsky, ya yi GPSMapEdit don ka zana da hannu kana gani. A 2005 John Mechalas ya wallafa bayanin cikin fayil ɗin dalla-dalla don kowa ya karanta.

Abin da suka tarar a ciki yana da ban sha'awa, don yana nuna maka irin ƙuncin da injiniyoyin lokacin suke ciki. Na'urar eTrex Legend megabait 8 kacal take da shi na taswira, hoto biyu ko uku na wayarka ta yau ke nan. Don haka ba a ajiye hoton taswira, sai ɗigogi da layuka. An raba zagayen duniya gida 16,777,216, kowane gida ya kama kusan mita 2.4 a tsakiyar duniya, ma'ana taswirar ba za ta iya bambance abubuwa biyu da suka fi haka kusanci ba. Maimakon a rubuta cikakkun lambobin kowane ɗigo, sai a rubuta tazararsa daga wanda ya gabace shi. Sannan ana ajiye taswirar hawa-hawa: wadda za a nuna in ka matso sosai mai cikakken bayani, wadda za a nuna in ka ja baya an rage mata kaya. Mai haɗa taswira shi zai yanke hukuncin a wane hawa turba za ta bayyana. In ya yi kuskure a nan, turbar tana cikin na'urar amma mai tafiya ba zai gan ta ba sai ya matso fiye da kima.

Masu hawan dutse kuma suna buƙatar layukan da ke nuna tudu da gangare. A nan sa'a ta yi aiki. A Fabrairun 2000 kumbon Endeavour ya yi kwana 11 yana auna tsayin doron ƙasa da rada, da sanda mai tsawon mita 60 da aka miƙo daga jikinsa, ya rufe kusan kashi 80 cikin 100 na sandararriyar ƙasa. An saki bayanan kyauta, sai dai na Amurka ɗigo ɗaya duk mita 30, na sauran duniya duk mita 90. Sai a 2014 aka fara sakin na mita 30 ga kowa, aka kuma fara da Afirka. Yawancin layukan tudu da ke taswirorin kyauta na wancan zamanin daga tafiyar kwana 11 ɗin nan suka samo asali. Ka lura fa, rada kan saman itatuwa take dira a kurmi mai duhu, kuma tana barin gurabe a tsaunuka masu tsananin gangare.

Ƙofa ta uku ita ce ta fi wuyar buɗewa, don ta doka ce. Ka iya haɗa fayil, to me za ka zuba a ciki? A Amurka taswirorin gwamnatin tarayya mallakar jama'a ne, kowa ya kwafa. A Birtaniya kuwa na hukumar Ordnance Survey suna cikin mafiya kyau a duniya, amma suna da haƙƙin mallaka, kwafa sai da lasisi da kuɗi. Wannan ne ya sa Steve Coast ya kafa OpenStreetMap a 2004: tunda ba za a ba mu ba, mu sake auna ƙasar da kanmu. A Mayun 2006 'yan sa-kai suka taru a tsibirin Wight da na'urorinsu, a ƙafa da keke da mota, suka auna babban ɓangaren tsibirin cikin ƙarshen mako guda. A shekarar ce Steve Ratcliffe ya fara mkgmap, manhajar kyauta da ke ɗaukar bayanan OpenStreetMap ta fitar da fayil ɗin da Garmin ke karantawa. Ka kwafa shi a katin ajiya da sunan gmapsupp.img, ka saka a na'ura, ka kunna. A kudancin Afirka ma matafiya masu motocin shiga daji sun bi irin wannan hanya, suka tattara sawunsu ya zama taswirar Tracks4Africa.

An ga amfanin abin ƙarara a Janairun 2010. Girgizar ƙasa ta rusa Fotofirins, babban birnin Haiti, inda babu taswirar kirki. Cikin kwanaki 'yan sa-kai daga ko'ina suka zana titunan daga hotunan taurari, masu aikin ceto suka zuba sakamakon a na'urorin Garmin ɗinsu. Dabarar da masu yawon daji suka ƙirƙira don nishaɗi ce ta yi wannan aikin.

Garmin dai ya sassauto a 2009, ya ba masu sababbin na'urorinsa damar ɗora hoton taswirar takarda bayan sun daidaita shi a Google Earth. A nan akwai tarkon da ya shafe ka kai tsaye in kana da tsofaffin taswirorin Najeriya. Duniya ba ƙwallo ce sumul ba, kowace ƙasa a da tana da ma'aunin da ta dogara da shi. Na Najeriya an kafa shi ne a kan wani ɗigo da ke Minna, GPS kuwa da ma'aunin WGS84 take aiki. Lambobi iri ɗaya a ma'aunan biyu suna nuna wurare biyu da ke da tazarar gomman mitoci. In ba ka sauya ba, taswirarka za ta fito tsaf, kyakkyawa, amma duk ta goce gefe guda.

Yau matsalar ta juya. A da turbobi ne babu a na'ura, yanzu sun yi yawa, kuma ba kowa ya san wa ya sa su ba. Tunda aka sami hotunan sama kyauta, mutum zai iya zana turba daga ɗakinsa a wata nahiya. Hoto kuwa ba ya ganin ƙarƙashin itatuwa, kuma yakan sa busasshen rafi ko hanyar dabbobi su yi kama da turba. Masu kula da gandayen daji a Amurka sun koka cewa hanyoyin da aka rufe, ko waɗanda wasu 'yan kasada suka tattake, suna bayyana a manhajoji daidai da hanyoyin hukuma. A 2021 ƙungiyoyin masu hawan dutse a Sikotland sun yi gargaɗi cewa wani layi da Google Maps ke nunawa zuwa ƙololuwar Ben Nevis yana iya halaka mutum. A ganina laifin fuskar na'ura ne a wani ɓangare: layin da mutum ɗari suka taka da wanda aka zana da ka, duk kauri ɗaya take nuna su.

Don haka in za ka haɗa taka taswirar, ka bi tsohuwar ƙa'idar mutanen 2000. Taka turbar fiye da sau ɗaya, a ranaku daban, zuwa da dawowa, ka ɗauki tsakiyar layukan, don siginar takan yi tsalle a cikin kwari da gindin dutse. Goge tarin ɗigogin da na'ura ta zuba inda ka zauna hutawa. Rubuta ranar da ka bi ta da lokacin shekara, don mashigin da ka tsallaka da takalmi a Fabrairu yana iya shanye mutum a Agusta. Ka ba turbar da ka taka launi ɗaya, wadda ka gani a hoto kawai wani launin. Kafin ka sa fayil ɗin a intanet kuma, yanke farkonsa da ƙarshensa in daga ƙofar gidanka ka kunna na'urar. A Janairun 2018 taswirar da Strava ya haɗa daga sawun masu motsa jiki ta fallasa fasalin sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojojin sun bar na'urorinsu a kunne suna zagaye katanga da gudu.