Yadda Jita Ta Samu Gurbi a Waƙar Bishara ta Adamawa

Duk wanda ya ratsa Jimeta da safiyar Lahadi zai ji amon jita yana fitowa daga majami'u, haɗe da ganga da muryoyin mawaƙa. Yaran yau suna ɗauka haka aka saba tun fil azal, alhali wannan kayan kiɗa ya yi doguwar tafiya kafin a buɗe masa ƙofa.

Tushen labarin yana Numan, inda kogin Gongola ya haɗu da Binuwai. A 1913 wani likita ɗan ƙasar Denmark, Niels Brønnum, ya sauka a garin ƙarƙashin Sudan United Mission, kuma daga aikinsa aka samu cocin Lutheran ta LCCN. Bayan shekara goma, a 1923, 'yan mishan Stover Kulp da Albert Helser suka fara nasu aikin a Garkida, wanda ya haifar da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. 'Yan mishan sun zo da waƙoƙin ƙasashensu, aka mayar da su Hausa, harshen da ya haɗa Bachama da Mbula da Bura da Kilba a benci ɗaya. Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta ƙara ƙarfafa wannan hali. Sai dai karin waƙar baƙo ne, kuma da yawa daga Turawan suna ɗari-ɗari da kiɗan gargajiya.

Mata ne suka fara karya wannan shinge. 'Yan Zumuntar Mata suka shigo da tulu: mace ta rungume shi a cinya, tana dukan bakinsa da wani faifan soso, yana ba da amo mai zurfi, wata na kaɗa caki, jagora na ba da waƙa sauran na amshi. Da kunne ya saba da sautin gida a cikin sujada, hanya ta buɗe wa matasa. Rediyo ma ya taimaka, domin Muryar Bishara, wadda a lokacin ake haɗa shirye-shiryenta a Jos ana watsawa daga Addis Ababa, ta kai waƙoƙin Hausa har ƙauyuka.

A wannan yanayi mawaƙi Panam Percy Paul ya taso. An haife shi a 1957, ɗan ƙabilar Mbula ne ta yankin Demsa, daga gidan mabiya Lutheran. Mahaifinsa hafsan soja ne, don haka ya yi ƙuruciya a garuruwa daban-daban, kunnensa ya sha kiɗa iri-iri, har da faya-fayan mawaƙan Amurka. Ya yi karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ya kuma yi aiki da Rediyo ELWA, inda ya naƙalci sirrin ɗaukar murya da tace sauti. Wannan sani ya bambanta shi da tsaransa, domin ya iya rubuta waƙa, ya iya kaɗa ta, ya kuma san yadda za ta fito tas a kaset.

Jerin kundinsa na Bring Down the Glory, da kuma Master of the Universe, sun zaga Nijeriya a zamanin kaset, daga shagunan kasuwar Jimeta har motocin haya na Legas. Salonsa a bayyane yake: jita a ƙirji, murya mai kauri, baitoci masu sauƙin haddacewa, da amshi irin na dandali wanda ke jawo jama'a duka cikin waƙar. Daga baya ya kafa Panam Music World a Jos, tare da makarantar horar da mawaƙan bishara.

Wanda ya ce jita baƙuwa ce a ƙasar nan bai faɗi gaskiya duka ba. A littafinsa na 1999, Africa and the Blues, masanin kiɗa Gerhard Kubik ya danganta jijiyar kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka da wannan yanki namu na goge da molo da garaya, inda mutum ɗaya ke kaɗa tsirkiya yana rera damuwarsa. Jikokin bayin da aka kwasa zuwa Amurka su ne suka ɗora wannan salo a kan jita, irin su Blind Willie Johnson da Rosetta Tharpe kuma suka yi wa'azi da ita.

Abin da ya rage shi ne adanawa. Kaset na lalacewa, dattawan da suka tsara waƙoƙin farko da Hausa da Bachama da Mbula suna ta raguwa. Ya kamata majami'un Yola da Jimeta da Numan, tare da Jami'ar Modibbo Adama, su tattara waɗannan muryoyi, su rubuta sunayen masu su tun suna da rai, domin matashin da ya ɗauki jita gobe ya san a hannun wa ya gaji sana'arsa.