Daga Kube Zuwa Makulli

Bahaushe ya daɗe da sanin wuƙa, amma ba mai ninkewa ba. Maƙeri ya ƙera ruwan wuƙa ya kafa shi cikin mariƙi, baduku ya ɗinka mata kube, shi ke nan. Wuƙar aljihu kuwa baƙuwa ce, ta kuma zo da damuwar da kakanninmu ba su sani ba. Tun da yake ruwanta juyawa yake yi a kan ƙusa, to me zai hana shi rufewa bisa yatsun mai yanka?

Tsohuwar dabara ita ce a shimfiɗa sifirin a bayan mariƙi, ya riƙa danne gindin ruwan. Haka Douk-Douk take, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1929, ta bazu a ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka. Amma dannewa ba kullewa ba ce. In aka matsa wa bayanta, sai ta rufe.

Wadda na fi so mai karatu ya duba ita ce Okapi, da Jamusawa suka fara ƙerawa a garin Solingen a 1902 domin kasuwannin Afirka, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. A gindin ruwanta akwai haƙora. In ana buɗe ta, sifirin yakan bi ta kansu yana ƙas-ƙas, har na ƙarshe ya faɗa cikin wata 'yar kafa da ke jikin sifirin, ya maƙale. Daga nan ba ta rufuwa sai an ja ɗan zoben da ke bayanta, watau an ɗaga sifirin. Kamfanin Opinel na Faransa kuwa, a 1955, wani zobe ya sa a wuyan mariƙi, a murɗa shi ya tare hanyar ruwan.

A ganina asirin duka yana ga sifirin, ƙarfen da zai lanƙwasa ya koma yadda yake. Nan Kudenda, unguwar masana'antu a kudancin kogin Kaduna, kusa da Kakuri inda aka buɗe masaƙa tun 1957, na sha ganin irin waɗannan wuƙaƙe a hannun masu lemo da masu rake, duk 'yan waje. Alhali kuwa maƙeranmu sun san wannan ƙarfe sarai, don da tsohon sifirin mota suke ƙera adda da wuƙar mahauta.