Yadda ake mayar da iPhone da aka fasa wa takunkumi kan asalinta ba tare da lalata ta ba

A Garam da ke kusa da Suleja a Jihar Neja, kamar sauran garuruwan da ke kewaye da Abuja, akasarin masu riƙe da iPhone ta hannu suke saye. Wasu daga cikin wayoyin an riga an fasa masu takunkumi, abin da masu gyara ke kira jelbirek.

Ma'anarsa ita ce cire shingen da kamfanin Apple ya sanya wa manhajar iOS, domin a saka manhajojin da ba na App Store ba. Ana gane irin wannan waya idan aka ga Cydia ko Sileo a cikinta. Illarsa ita ce raunana tsaron waya, shi ya sa manhajojin bankuna da dama ke ƙin buɗewa a kanta.

Abin dubawa kafin a fara

Tun 2013 Apple ya ɗaure kowace iPhone da asusun mai ita. Bayan fitowar checkra1n a 2019, wasu sun riƙa amfani da ita wajen tsallake wannan kulle a wayoyin iPhone 5s zuwa iPhone X. Idan aka goge irin wannan waya, kullen zai dawo, kuma ba za ta buɗe ba sai da asusun mai ita na farko. Don haka a tabbatar asusun iCloud da ke kai na mai wayar ne, kuma ya san kalmar sirrinsa.

Matakai

1. A adana hotuna, lambobi da saƙonnin WhatsApp a iCloud ko kwamfuta.

2. A kashe Find My.

3. A haɗa wayar da kwamfuta da igiya mai kyau, a buɗe iTunes ko Apple Devices a Windows, ko Finder a Mac.

4. A zaɓi "Restore". Kwamfutar za ta sauke sabuwar iOS, ta goge tsohuwar tare da jelbirek ɗin.

5. Idan wayar ta tashi, a shigar da asusun, a dawo da bayanan.

Abin da za a kiyaye

Kada a goge wayar ko a sabunta ta daga cikin saitinta, domin tana iya maƙalewa a kan tambarin Apple. Idan hakan ta faru, yanayin farfaɗowa ko na DFU kan ceto ta ta hanyar kwamfuta.

Manhajar na cin gigabait da dama, saboda haka a tanadi isasshen data. Ganin yadda ake ɗauke wuta, ya fi a yi amfani da laftof mai cikakken caji, kuma kada a zare igiya sai an gama.

Apple ba ya barin a koma tsohuwar iOS da ya daina amincewa da ita. Wanda zai kai wa mai gyara kuwa, ya shigar da kalmar sirrinsa da hannunsa.