Daga Mahaukaci zuwa Majinyaci: Waiwaye kan Kula da Taɓin Hankali a Bauchi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa tarihin yaƙi da taɓin hankali a Bauchi, kamar sauran ƙasar Hausa, tarihi ne na sauyin suna. Yadda al'umma ta kira mara lafiya shi ke nuna inda za ta kai shi.

2.0 Gargajiya da Zuwan Turawa

Tun kafin Malam Yakubu ya kafa birnin Bauchi a farkon ƙarni na 19, Bahaushe ya danganta hauka da iska ko sammu. Saboda haka akan nemi waraka wajen 'yan bori da bokaye, ko wajen malamai masu rubutun sha da tofi. Duk wuya, ɗawainiyar majinyaci tana hannun danginsa.

Da Turawa suka zo, sai suka ɗauki lamarin a matsayin matsalar tsaro. Sun buɗe gidajen mahaukata a Kalaba a 1904 da Yaba a 1907, sannan suka kafa dokar mahaukata a 1916, wadda aka sabunta a 1958. A Arewa kuwa, sau da yawa gidan yarin En'e ne makomar wanda aka ga zai yi ɓarna. Wato doka ta san mahaukaci, amma ba ta san majinyaci ba.

3.0 Sauyin Tunani

A 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda majinyata ke zama a ƙauyuka tare da danginsu suna karɓar magani. A 1991, zamanin ministan lafiya Olikoye Ransome-Kuti, aka shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya na matakin farko. Sai dai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Arewa an kafa su ne a Kaduna da Kware da Maiduguri, duk nesa da Bauchi. A 2010 aka mayar da Asibitin Ƙwararru na Bauchi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Dokar 1958 kuma ba ta kau ba sai a 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka mai kare haƙƙin majinyata.

4.0 Rawar Harshe

A Bauchi, Hausa ce ke haɗa likita da Bafulatani da Bajari da Basayi. Cututtukan da ba sa yaɗuwa sun sami sunaye karɓaɓɓu: hawan jini da ciwon sukari, kuma ba mai jin kunyar ambatonsu. Ɓangaren ƙwaƙwalwa bai yi wannan sa'a ba. Kalmar hauka ta haɗiye cututtuka mabambanta, har akan jefa farfaɗiya a cikinsu. Damuwa kuwa ta yi sauƙi ƙwarai, domin mai jin ta zai ce haƙuri ne maganinta. Tsakanin kalma mai tozartawa da kalma mai rainawa, iyalai kan ɓoye majinyaci har ciwo ya ci ƙarfinsa.

5.0 Kammalawa

Doka ta sauya, asibiti ya matso kusa, amma harshe bai cim musu ba. Ya kamata masana harshe su zauna da likitoci su daidaita kalmomin waɗannan cututtuka, a gwada su a bakin jama'a da gidajen rediyo. Ciwon da ba shi da suna mai mutunci, da wuya a kai shi asibiti.